Kafar da ke bayan talabijin: Tsarabar kwanan otal a Kaduna

Kaduna garin baƙi ne tun ran gini, tun ran zane. Kano da Katsina da Zazzau suna da ganuwa da ƙofofi da tarihin ɗaruruwan shekaru, amma Kaduna Bature ne ya shata ta a bakin kogi, a gefen layin dogo, sa'annan a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa cikinta daga Zungeru. Idan aka ɗebe Gbagyi da aka taras a ƙauyukansu, kusan kowa da jakarsa ya sauka: soja da akawu da lebura da ɗan kasuwa da malami. Sunayen unguwanni ma shaida ne. Unguwar Kanawa ta faɗi inda mutanenta suka fito, Kabala Costain kuwa har yau tana ɗauke da sunan kamfanin gine-gine na Turawa.

Har gobe wannan hali bai canza ba, musamman a ɓangaren da ke arewa da kogi, inda gwamnatin tsohuwar Jihar Arewa ta bar gine-ginenta. Kowane mako akwai abin da ke kawo mutane. Ko taro a Gidan Arewa da ke titin Rabah, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, ko zaman Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa a titin Sakkwato, ko taron malamai a hedikwatar Jama'atu Nasril Islam da ke titin Ali Akilu, ko bikin yaye hafsoshi a makarantar horar da sojoji ta NDA, ko baje-kolin ƙasa da ƙasa a hanyar Zariya, ko kuwa ganin likita a Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa. Tun da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Abuja da Rigasa a 2016, an sami ƙarin wani rukuni na masu zuwa da yamma su kwana su koma da safe. Duk wanda ba shi da ɗan'uwa a gari daga cikin waɗannan, otal ne gidansa. Ni ma ina cikinsu, domin aiki ya sha kai ni Kaduna, na kwana a Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki da Kawo, a manyan masaukai da ƙanana. A tsawon wannan kai-komo na fahimci cewa akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke nuna ko mai otal ya san baƙon wannan zamani ko bai san shi ba. Abin kuwa shi ne 'yar kafar nan da ke bayan akwatin talabijin, wadda ake soka kebul a cikinta.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramar magana ce a ƙasar da ake fama da tsadar abinci da rashin tsaro. Haka ne. Sai dai wanda ya biya kuɗin ɗaki ya rufe ƙofa, daga isha'i zuwa hantsi wannan akwati ne a gabansa, kuma abubuwa uku ne ke rataye da waccan kafa: zaɓin baƙo, da sirrinsa, da kuma alaƙarsa da garin da ya sauka.

Kafin a kai ga kafar, ya kamata a tuna cewa Kaduna ce ta koya wa Arewa kallon talabijin. Ibadan ta riga kowa a Najeriya a 1959. A 1962 gwamnatin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila, ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Daga baya, a 1977, gwamnatin soja ta tattara gidajen talabijin na ƙasa a ƙarƙashin NTA. Daga wannan gari ne aka san marigayi Usman Baba Pategi da shirinsa na Samanja, mai kwaikwayon rayuwar bariki da Hausar sojoji, da kuma marigayi Ƙasimu Yero na Karambana. A wancan zamani manyan baƙi suna sauka a Hamdala, otal ɗin da aka gina a farkon shekarun 1960, ko a Durbar, wanda aka gina domin hawan dabar bikin FESTAC na 1977, aka kuma rushe shi a 2020. Baƙon da ya yi sa'ar samun ɗaki mai talabijin ba ya wahalar zaɓi. Tasha ɗaya ce, a buɗe da la'asar, a rufe da tsakar dare da taken ƙasa. Abin da gari ya dafa, shi baƙo ke ci, kuma da safe idan ya sauko wajen mai shayi, shi da mutanen gari labari ɗaya suke yi.

Dokar 1992 da ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, Kaduna kuma ta sami DITV, ɗaya daga cikin gidajen talabijin masu zaman kansu na farko a Najeriya. Sai farantan satalayit suka hau rufin gidaje, aka sami DStv, StarTimes ya shigo a 2010, Arewa24 ta fara a 2014. Tashoshi sun yi yawa, amma zaɓin baƙon otal bai ƙaru yadda ake zato ba. Manyan otal-otal suna jera dikoda da yawa a ɗaki guda, kowace a ɗaure ta a kan tasha ɗaya, a rarraba wa ɗakuna ta waya, shi ya sa baƙo ke samun tashoshi takwas ko goma. Ƙananan kuwa dikoda ɗaya ce ko biyu a teburin karɓar baƙi, kuma abin da mai riƙe da rimot ya zaɓa, shi dukan bene zai kalla. Na taɓa zama ina kallon labarai a wani masauki a Kawo, sai kawai na ga 'yan ƙwallon Ingila sun mamaye allo. Da na buga waya ƙasa, sai yaron ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, mutanen ɗaki na bakwai da na tara ne suka nemi ƙwallo. Su biyu ne, kai kuwa kai kaɗai ne." Dimokuraɗiyyar ɗakin otal ke nan, rinjaye ya yi halinsa.

Wayar hannu ce ta zo ta kawar da wannan mulki. Baƙon yau da kayan kallonsa yake yawo a aljihu. Wani yana bin Labarina ko Izzar So a YouTube, ba ya so mako ya wuce shi. Wani yana da karatun malaminsa da ya saba saurara bayan isha'i. Wani ya biya kuɗin Netflix, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2016. Wata ta zo biki, tana so ita da ƙawayenta su kalli bidiyon kamu da aka ɗauka da rana. Ma'aikacin da zai gabatar da jawabi gobe a gaban kwamiti yana so ya gwada shi daga kwamfutarsa a babban allo, ya ga ko rubutun zai karantu daga nesa. Magidancin da ya kawo mahaifiyarsa asibitin ido, aka ce su dawo bayan kwana uku, yana so ta ji tafsirin da ta saba ji da murya mai ƙarfi, ba tare da ta kara waya a kunne ba. Duk waɗannan mutane ba tasha suke nema a wurin mai otal ba. Allo suke nema wanda ya fi tafin hannu girma, da lasifikar da ta fi ta waya amo. Ga allon a rataye a bango, kuɗinsa kuma yana cikin kuɗin ɗaki. Abin da ya rage shi ne yadda za a sada waya da shi.

Hanyoyi uku ne a aikace, kuma kowace da irin tarkonta. Ta farko ita ce kebul. Kafar HDMI, wadda ta fara shiga kasuwa a wajajen 2003, tana ɗaukar hoto da sauti a cikin waya guda, kuma kusan duk talabijin na bango yana da ita, wani ma biyu ko uku. Ga mai kwamfutar tafi-da-gidanka abin ba wuya: ya soka kebul, ya danna maɓallin da ke sauya mashiga a jikin rimot, shi ke nan. Ga mai wayar hannu kuwa sai an yi hattara. Kafar caji ta USB-C kamanninta ɗaya ne a kowace waya, amma abin da ke cikinta ya bambanta. Manyan wayoyi irin jerin S na Samsung ko iPhone 15 suna fitar da hoto ta wannan kafa idan aka sami mahaɗin da ya dace. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke hannun jama'a kuwa caji kawai suke karɓa ta nan, sai tura fayil. Mutane da yawa sun sayi mahaɗi a shagunan titin Ahmadu Bello ko a kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, suka kai ɗaki ya ƙi aiki, suka ce jabu aka sayar musu, alhali kuwa wayar ce ba a ƙera ta da wannan baiwa ba. Maganin abin shi ne a gwada a gaban mai shago kafin a biya, gani ya kori ji.

Ta biyu ita ce filashi, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da yanayinmu, domin ba ta neman data, ba ta neman sabis. Mutum ya zuba abin da yake so tun daga gida, ko a wajen masu tura fina-finai, ya soka a kafar USB ta talabijin. Tarkonta biyu ne. Na ɗaya, tsofaffin akwatuna da dama tsarin FAT32 kawai suke ganewa, shi kuwa wannan tsari ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce gigabayit 4. Na biyu, wani lokaci hoto ya fito tas amma babu murya, ko akwatin ya ce bai san irin fayil ɗin ba. Wanda ya ajiye kayansa a sigar MP4 ya fi kowa tsira daga wannan.

Ta uku ita ce ta iska, wadda matasa suka fi so. Akwai Miracast, wanda aka fitar a 2012, da ke sada wayar Android da talabijin kai tsaye ba tare da intanet ba, sai duk abin da ke fuskar waya ya bayyana a allo. Masu iPhone suna da nasu, AirPlay, kuma ba kowane akwati ne ke jin yarensa ba. Akwai kuma 'yar na'urar Chromecast da Google ya fitar a 2013, wadda ake makalawa a kafar HDMI. Ita wannan sai ita da wayar suna kan Wi-Fi ɗaya, a nan kuma ake samun cikas. Wi-Fi ɗin otal sau da yawa yana da shafin shiga da ke neman lambar ɗaki, na'urar kuwa ba ta da hanyar cike shi. Wasu kuma an tsara su ne yadda na'urorin baƙi ba za su ga juna ba, wanda tsari ne mai kyau ta fuskar tsaro, amma yana raba waya da allo. Dabarar da masu yawan tafiya ke yi ita ce su kunna rabon data a waya ta biyu, su ɗora na'urar da wayar farko a kanta. Akwai kuma abin da ke ba mutane mamaki: wasu manhajojin fina-finai na kuɗi, saboda kare haƙƙin mallaka, idan aka haska fuskar waya a talabijin sai allon ya yi baƙi ƙirin. Wannan ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi.

Duk wannan ilimi kuwa ba ya amfani idan hannu bai kai ga kafar ba, kuma a nan ne otal-otal ɗin Kaduna suka kasu. A wasu an manne akwatin da bango har ko yatsa ba ya shiga bayansa. A wasu an kulle shi da tsarin nan na otal da kamfanoni ke sakawa, wanda ke hana sauya mashiga ko ƙara murya fiye da wani mataki. A wasu rimot ɗin da ke ɗakin na dikoda ne, na talabijin yana aljihun tebur a ƙasa. A wasu kuma tsohon akwati ne mai ƙeya, wanda kafofi uku kawai ya sani, ja da fara da rawaya. A wani otal a Unguwar Rimi, ɗaki mai kyau da gado mai kyau, na kira mai kula da bene na nuna masa kebul ɗina. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Yallaɓai, manaja ya hana a taɓa bayansa. Wancan watan wani baƙo ya fizgi waya da ƙarfi, kafar ta karye, sai da aka sauke shi aka kai wajen mai gyara, kuma a albashina aka cire." Na ce masa, "To samari, ba zan ja maka asara ba." Na naɗe kebul ɗina na mayar jaka. Amma maganarsa ta nuna mini cewa hanin yana da tushe, kuma wanda ke biyan kuɗin ɓarnar baƙo sau da yawa shi ne mafi ƙarancin albashi a gidan.

Sai kuma abokan tafiya biyu da ba a rabuwa da su a ƙasar nan, wuta da data. Ƙananan masaukai suna da lokacin janareto, wasu daga magariba zuwa sha biyun dare, wasu har asuba. Duk lokacin da aka sauya daga wutar NEPA zuwa janareto, akwatin zamani sai ya mutu ya sake tashi, haɗin da aka sha wahalar yi ya tsinke, a koma farko. Soket kuma sau da yawa ɗaya ne a bayan akwatin, shi ma akwatin ya riga ya cinye shi. Shi ya sa ɗan ƙaramin soket mai baki uku ko huɗu ya zama kayan tafiya kamar buroshi da man goge baki. Kafar USB ta talabijin kuwa wutarta kaɗan ce, wanda ya dogara da ita don cajin waya zai kwana bai cika ba. Game da data, Netflix da kansa ya ƙiyasta cewa kallon awa ɗaya yana cin kimanin gigabayit 1 a hoto matsakaici, ya kai har 3 a hoto mai kaifi. Babban allo kuwa hoto mai kaifi yake so. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan lissafi ya zama abin dubawa. Mai hankali yakan sauke abin kallonsa tun kafin ya baro gida.

Duk abin da na lissafo zuwa nan damuwa ce ta dare ɗaya, gari na wayewa ta wuce. Wadda ba ta wucewa ita ce ta sirri. A wani sabon otal da ke kusa da titin Ali Akilu, mai akwatunan zamani masu shiga intanet da kansu, na kunna talabijin na buɗe YouTube, sai na tarar da asusun wani bawan Allah a buɗe. Ga cikakken sunansa, ga hotonsa, ga jerin abubuwan da ya kalla, ga waɗanda ya nema da hannunsa. Ban san shi ba, bai san ni ba, amma da na ga dama da na san malamin da yake bi, da jam'iyyar da yake so, da ciwon da yake neman maganinsa a ɓoye, da abin da yake kallo idan ya kaɗaita. Na fitar da asusun daga akwatin, na sanar da masu otal. Abin tambaya shi ne, baƙi nawa ne suka kwana a ɗakin tsakanin tafiyarsa da zuwana?

A garin da 'yan siyasa da malamai da hafsoshi da 'yan kasuwa ke kwana a ɗakuna ɗaya, wannan na fita wancan na shiga, abin ba wasa ba ne. Mutuncin da aka gina a shekara talatin yana iya zubewa da hoton allo guda da wani ya ɗauka ya watsa. Asusun da aka bari a buɗe yana iya zama a haɗe da katin banki. Duk abin da baƙo na gaba ya kalla kuma a tarihin mai asusun zai shiga, ya bayyana a wayarsa ko a talabijin ɗin falonsa a gaban iyalinsa, ya rasa bakin bayani a kan abin da bai aikata ba. Haska fuskar waya ma tana da nata haɗari. Duk saƙon WhatsApp da ya shigo, da sanarwar shigar kuɗi daga banki, da lambar sirri ta cire kuɗi, a babban allo za su fito, a gaban duk wanda ke ɗakin. Idan kuma akwatunan bene duka iri ɗaya ne, sunayensu iri ɗaya za su fito a jerin da waya ke nunawa, kuskuren danna guda ya isa ya aika hotunan iyalin mutum zuwa ɗakin maƙwabci.

Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin ba shi da tsada. Wanda zai iya, ya guji rubuta kalmar sirrinsa a akwatin da ba nasa ba, kebul da filashi ba sa barin sawu. Wanda ya shiga asusunsa, ya mayar da fita daga ciki wani ɓangare na haɗa kaya, kamar yadda yake duba banɗaki ko ya bar agogo. Wanda ya tuna bayan ya kai Zariya ko Abuja, Google da Netflix duka suna da wurin da ake korar na'urori daga nesa, sai ya yi hakan nan take, ya kuma canza kalmar sirri. Kafin a haska fuskar waya, a rufe sanarwar saƙonni. Idan aka soka waya a kafar USB ta tambaya ko a buɗe fayiloli, a zaɓi caji kawai. Wanda kuma ya tarar da asusun wani a buɗe, ya sani amana ce ta faɗo hannunsa. Addini da al'ada duka sun hana bin diddigin sirrin mutane, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ga masu otal kuwa, uzurinsu na ji shi, kuma gaskiya ne: ana karya kafa, ana tafiya da kebul, ana hargitsa saitin akwati a bar wa baƙo na gaba. Amma kulle akwati gaba ɗaya kamar rufe rijiya ne don wani ya taɓa jefa guga a ciki. Gajeren kebul na HDMI da aka soka sau ɗaya aka ɗaure shi a jikin ƙarfen bango, bakinsa na lilo a ƙasan akwatin, ya raba gardama: baƙo ba zai taɓa bayan akwatin ba, kuma idan wani abu ya lalace, kebul ne mai arha. A ƙara soket kusa da gado. A rubuta lambar ɗaki a matsayin sunan kowane akwati. A ajiye 'yar takarda da Hausa da Turanci mai bayanin yadda ake haɗawa. Mafi muhimmanci, a koya wa masu gyaran ɗaki cewa kamar yadda ake canza zanin gado bayan kowane baƙo, haka za a duba akwatin a fitar da duk asusun da aka bari. Tun Yunin 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko ba don doka ba, Bahaushe ya ce baƙonka annabinka. Karramawar da a da ake yi da ruwan sanyi da tabarma, yau har da tsare wa baƙo sirrinsa bayan ya tafi.

Da sauran magana guda, wadda ta shafe mu mu baƙin. Idan komai ya tafi daidai, kebul ya shiga, hoto ya fito, akwai abin da muke asara ba tare da mun lura ba. Mutum ya taso daga Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi, ya kwana uku a Kaduna, amma abin da ya kalla shi ne dai abin da yake kallo a gida. Jikinsa ne kawai ya yi tafiya. Manhajojin waya an gina su ne su ƙara wa mutum irin abin da ya saba, ba su damu da garin da ya kwana ba. Tashar gari kuwa, ko NTA Kaduna ce ko DITV ko Liberty ko ta gwamnatin jiha, ita ce ke gaya maka wane titi aka rufe, wa ya rasu, me ake jayayya a kai a majalisar da ke zama a Lugard Hall, nawa ake sayar da buhun masara, da wane irin harshe mutanen gari ke magana da juna. Kaduna kuma gari ne da sanin halin da ake ciki yake da muhimmanci ga baƙo. An sa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Oktoban 2018, an sake sawa a Agustan 2024. A irin waɗannan ranaku waya cike take da jita-jita da tsofaffin hotuna, kuma baƙon da bai san unguwanni ba shi ne ya fi kowa buƙatar jin sanarwa daga tushe.

Saboda haka shawarata ga matafiyi ita ce ya raba darensa. Ya ba gari rabin awa kafin ya soka kebul ɗinsa, ya ji labaran ƙarfe bakwai ko na takwas daga bakin 'yan gari. In da hali ma ya fita tun da sauran rana, ya yi magariba a Masallacin Sultan Bello, ya tsaya wajen mai tsire a Unguwar Sarki ya ji hirar da ake yi, ko ya gangara Gamji ya ga gadar ƙarfen Lugga da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a bakin kogi a 1954. An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba ta buɗe komai ga wanda ya kulle kansa da abin da ya zo da shi.

Zamani riga ne, kuma baƙon da ke yawo da gidansa a aljihu ba zai koma zamanin tasha ɗaya ba. Masu otal a Kaduna su buɗe masa kafa, su share sawunsa idan ya tafi. Shi kuma ya riƙe kayan mutane da amana, ya tsare sirrinsa da na wanda ya riga shi kwana a ɗakin, ya kuma saurari garin da ya ba shi masauki. Baƙo raɓa ne, gobe ba a ganinsa. Allah Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, Ya kuma zaunar da Kaduna lafiya.